Takardar Malanta Kafin Ƙetare Iyaka

Matashin da ya tashi a Sara, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, in ya ƙudurta zama malamin Turanci, hanyar da ya fi sani ita ce ta Kwalejin Ilimi ta Gumel. Shekara uku zai yi ya fito da NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da tsarin ilimin Nijeriya ya yarda a shiga aji da ita. Wanda ya yi digirin da ba na malanta ba, sai ya ƙara da diflomar PGDE, wasu ta hannun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Daga nan sai rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993, wadda yanzu sai ta yi wa mutum jarrabawa a kwamfuta kafin ta ba shi lasisi.

Malamai da yawa suna ɗaukar wannan rajista aikin banza, har ranar da suka nemi aiki a waje. Hukumomin malanta na ƙasashe irin su Ingila sukan nemi wasiƙa daga TRCN mai tabbatar da cewa malami ne na gaske, kuma ba a taɓa kama shi da laifi a aikin ba. Gwamnatin Tarayya ma tana da tata ƙofar: shirin TAC, wanda aka fara a 1987 zamanin Janar Babangida, yana tura ƙwararru aikin shekara biyu a ƙasashe kamar Gambiya da Uganda da Jamaika. Can ma takardu ake fara dubawa.

To amma akwai abin da ajin gida ba ya koya wa mutum. A Sara, in yara suka yi zuru, malam kan juya harshe zuwa Hausa, cikin minti ɗaya ya warware musu. A Turkiyya ko Biyetnam ba shi da wannan mafita. Dole ya bayyana Turanci da Turanci, da hannu, da zane a allo, ga ɗalibin da bai san ko sannu da Hausa ba. Wannan ne dalilin kwasa-kwasan da ake kira TEFL. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne CELTA na Kambirij: kusan awa 120, a mako huɗu ko biyar, ciki har da awa shida na koyar da ɗalibai na gaske, mai horarwa yana zaune a bayan aji da biro yana rubuta duk inda aka yi tuntuɓe.

Waɗannan awa shida su ne abin lura. Intanet cike take da masu sayar da satifiket mai araha wanda ake samu ba tare da an tsaya gaban ɗalibi ko ɗaya ba, kuma makarantun kirki sun san da haka. Kafin matashi ya sa iyayensa su sayar da buhunan gero, ya tambayi masu kwas ɗin wane ne zai zauna ya kalli darasinsa, ya kuma tambayi makarantar da yake hari wace takarda take karɓa.