Ƙarar mota da sanyin safiya: ƴan kasuwar Arlit, a kasa kunne

Kusan duk abin da ake sayarwa a kasuwar Arlit a bayan mota yake zuwa. Albasa da dankali daga lambunan Ayar, hatsi daga kudu, taliya da dabino daga Aljeriya ta Asamaka. Tsakaninmu da Agadas wajen kilomita 240 ne, kuma kowa ya san halin da hanyar uraniyom take ciki. Tun da Kominak ta rufe a Akokan ran 31 ga Maris 2021 kuɗi ya ja baya a gari, masu motoci da yawa suna ɗage gyara sai gobe. To, akwai gyara guda da ba ya son gobe.

Cikin inji akwai wata sarƙa mai kama da ta keke, makanikai na ce mata shen. Ita ke haɗa ƙasan inji da samansa, don ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, wato supap, su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistan. Sarƙar tana gudu ne a jikin wasu takalma na roba mai tauri, patan ke nan, wani ƙarfe kuma da ake kira tandar yana tura ɗaya daga cikinsu don ta zauna a ɗame. Wannan tandar da ƙarfin baƙin mai yake aiki.

Nan ƙasarmu take cutar mota. Ƙura na shiga, zafi na gasa robar har ta bushe, in kuma an yi jinkirin juyen mai, man ya zama kamar kunu mai tsakuwa, ya riƙa cin takalman a hankali.

Alamar farko da safe take fitowa, lokacin da inji ya kwana ya huce. Ana tada mota sai a ji kacau-kacau daga gaban inji, na ɗan lokaci kaɗan, sai ya yi shiru. Direba zai ce maka ba komai, ai ta daina. Ba dainawa ta yi ba, man ne ya hau ya ɗame sarƙar. Ranar da ƙarar ta ƙi tsayawa, takalman sun cinye ko sun karye. Daga nan sarƙa na iya tsallake haƙori, a injina da dama fistan ya daki supap ya lanƙwashe su, mota ta mutu inda take. Tsohuwar Hilux mai inji 22R an san ta da wani abin kuma: sarƙar kan goge murfin gaba har ta huda shi, ruwan sanyaya inji ya gauraye da mai. Ku dubi wannan a tsakiyar daji da buhunan albasa cikin rana.

Amma ba kowace mota ba ce mai sarƙa. Land Cruiser mai inji 1HZ da tsofaffin Hilux na gazuwal igiyar roba mai haƙora gare su, wadda ake canjawa bisa lissafin kilomita. Hilux ta isansi da Land Cruiser V6 ta isansi su ne masu sarƙa. Mai mota ya tambaya ya san tasa.

In an zo gyara, shawarata kada a canja takalman kaɗai. Wahalar buɗe gaban inji ɗaya ce, gara a sa sarƙa da tandar da robar tare mai sababbi gaba ɗaya. In takalmin ya karye, lalle a sauke kwanon mai na ƙasa a kwashe gutsattsarin, domin su ne ke toshe rariyar famfon mai. Bayan an ɗaura, makanike ya juya injin da hannu sau biyu ya ga alamomin sun koma daidai kafin a murza makulli. Kayan kuwa, araha ba ta ado. A nemi na kirki, kuma a ce a ba ku tsofaffin da aka cire ku gani da idonku.

Ke kuma Hajiya da ba ki da mota, lodi kawai kike bayarwa, ki zo tasha da wuri, ki tsaya kusa da gaban motar lokacin da za a tada ta karo na farko. In kin ji kacau-kacau, tumatirinki da albasarki su jira wata motar.