Ƙugin lasifika da wayar ƙasa: abin da masu haɗa kayan sauti ke rikitawa

Duk wanda ya taɓa zuwa Kagoro ranar 1 ga Janairu kallon bikin Afan, ko ya zauna a wani ɗaurin aure a Kafanchan, ya san ƙugin nan mai kauri da lasifika ke yi kafin a fara magana. Ana jin sa a majami'u lokacin da Zumuntar Mata ke shirin tashi waƙa, ana jin sa a masallatai kafin ladan ya kira salla. Maganin da yawancin masu haɗa kaya suka sani guda ne: a karya ƙafa ta uku ta filogi, wato a raba kayan da wayar ƙasa. Sau da yawa ƙugin yakan ragu kuwa. In ka yi magana, sai wani ya ce maka ai manyan amfilifaya ma wutarsu ba a ɗaure take da ƙasa ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an cakuɗa abu biyu ne mabambanta, kuma ɗaya daga cikinsu yana kisa.

Wutar lantarki ba ta cutarwa sai ta sami hanyar shiga da ta fita. Shi ya sa tsuntsu ke sauka a kan wayar NEPA ya tashi lafiya: ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, babu bambancin ƙarfi tsakaninsu. Abin da ake aunawa da volt shi ne wannan bambanci tsakanin wuri biyu. Idan aka sami tushen wuta wanda babu ɓangarensa ko ɗaya da aka haɗa da ƙasa ko da jikin na'ura, shi ake cewa yana shawagi. Batirin tocila haka yake. Na mota kuwa an ɗaure shi, domin an haɗa kansa ɗaya da ƙarfen jikin motar.

A cikin amfilifaya, wutar gari mai volt 230, wadda ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, tana shiga taransifoma. Taransifoma naɗin waya biyu ne a kan ƙarfe guda, ba sa taɓa juna, maganaɗisu ne ke ɗaukar ƙarfin daga wannan zuwa wancan. Saboda haka wutar da ta fito daga naɗi na biyu tana shawagi har sai maƙerin ya zaɓi inda zai ɗaure ta. A tsarin da aka fi sabawa da shi, ana ɗaure tsakiyar naɗin da jikin akwatin, a sami layi biyu, misali volt 50 sama da 50 ƙasa, taransistoci kuma su riƙa ɗibar wuta daga nan suna tura wa lasifika.

Wasu maƙera sun juya lissafin. Kamfanin QSC, wanda Pat Quilter ya kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1968, ya yi suna da wani tsari da ake ɗaure bayan taransistocin da jikin akwati, a bar tushen wutar gaba ɗaya, da manyan kapasitocinsa, yana hawa da sauka tare da sautin. Daga tsakiyar kapasitocin nan ake ɗaukar wayar da ke zuwa lasifika. Ribar ita ce ana iya ɗaure taransista kai tsaye a kan ƙarfen da ke shanye zafi, ba tare da sa takardar kariya a tsakani ba, sai zafi ya fita da sauri. Wanda ya taɓa yin taron yini guda a filin makaranta cikin watan Maris ya san darajar wannan. Kamfanin Crown kuma, wanda Clarence Moore ya kafa a 1947 (shi da farko na'urorin naɗar murya masu ƙwari yake ƙera wa 'yan mishan), ya yi amfani da wuta mai shawagi ta wata fuskar a jerin Macro-Tech: ana juya ɗaukacin ƙarfin tushen wutar a kan lasifika, yanzu ta wannan gefe, anjima ta wancan, sai a sami ninkin abin da tsarin gargajiya zai bayar da ƙarfi iri ɗaya. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1950 kamfanin Electro-Voice ya fitar da Circlotron mai tushen wuta biyu masu shawagi. Tsadar abin ita ce kowane ɓangare, hagu da dama, sai an yi masa nasa naɗin da nasa kapasitocin.

Irin waɗannan amfilifaya na hannu suna shigowa ta kasuwar Alaba a Legas su bazu har garuruwanmu, kuma nan ne mai gyara ke shiga uku in bai gane tsarin ba. Ya saba ganin tsakiyar kapasitoci a haɗe da jikin akwati, da bai ga haka ba sai ya ɗauka waya ce ta tsinke, ya ɗaura. Abin da ya yi shi ne ya haɗa fitar amfilifayar da ƙasa kai tsaye. Haka in taransifoma ta ƙone aka kai a sake naɗi, mai naɗin ya haɗe wutar ɓangarorin biyu don rage aiki, na'urar ba za ta ƙara yin daidai ba. A ganina, mai gyaran da ya tsaya ya nemi zanen na'urar a intanet kafin ya kunna ƙarfen dalma ya fi wanda ke taƙama da shekarunsa a sana'a.

To amma a duk waɗannan tsare-tsare, shawagin yana can ciki ne, bayan taransifoma. Akwatin ƙarfen yana nan ɗaure da ƙafa ta uku ta filogi. Aikin wannan ƙafar shi ne, ranar da wayar wuta ta goge ta taɓa akwatin, wutar ta bi ta nan da ƙarfi har fis ya ƙone. In an karya ta, akwatin zai ɗauki wuta shiru, ya miƙa wa mikisa, mikisa ta miƙa wa makirfo ta wayar sauti. Sai a jira wanda zai kammala hanyar: ladan da ke tsaye ba takalmi a kan siminti, ko mawaƙiya a filin da ruwan Agusta ya jiƙa. A 1972 makaɗin jita Les Harvey ya mutu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya bayan ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba.

Shi ƙugin yawanci daga wani wuri yake zuwa. Idan mikisa tana jone a soket ɗaya, amfilifaya a wani soket mai nisa, ƙasar kowannensu takan ɗan bambanta, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta rigar wayar sauti, lasifika ta mai da ita ƙara. A jona kayan sauti duka a layi ɗaya. A yi amfani da wayar makirfo mai ƙafa uku, a nisanta ta da wayoyin wuta. Kibod da laftof, waɗanda su ne kan gaba wajen jawo matsalar, a bi da su ta ƙaramin akwatin DI, wanda 'yar taransifomar cikinsa ke raba sautin ba tare da taɓa wayar kariya ba. In kuwa an cire duk wayoyin shiga amma ƙugin bai daina ba, to a duba kapasitocin amfilifayar, wataƙila sun bushe.

Saura janareta, wanda shi ne ainihin wutar yawancin tarukanmu. Ƙananan janareta da dama wutarsu ma tana shawagi, babu layin da aka haɗa da jikinsu. Laifi na farko ba ya ƙona fis, ba wanda zai sani, sai na biyu ya zo ta hannun mutum. Majami'a ko masallacin da ya iya sayen lasifika huɗu zai iya kiran ƙwararren mai aikin wuta ya kafa sandar ƙasa, ya ɗaure janaretan yadda ya kamata, ya sa na'urar RCD mai yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare. A wuri mai duwatsu kamar gindin tsaunin Kagoro, sanda ɗaya ba lalle ta isa ba, kuma gara a auna ta da rani, lokacin da ƙasa ta bushe.