Shanyewar ɓarin jiki: Me ke cikin kwalbar "wankin ƙwaƙwalwa"?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya san wannan muryar. Lasifika a kan mota, kwalabe a jere kan tabarma, mai talla yana yi da Fulatanci, ya juya Hausa, ya ɗan yafa Faransanci: maganin basir, maganin sanyi, maganin shawara. A 'yan shekarun nan an ƙara wani a jerin, wai shi "wankin ƙwaƙwalwa", na mai yawan mantuwa da wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Akwai shi a Babbar Kasuwar Garwa, akwai a shagunan maganin gargajiya, akwai kuma wanda ake turo hotonsa ta WhatsApp cikin kwali mai ƙyalli, an ce daga Sin ko Indiya ya zo.

Ni ma na taɓa saye, don haka ba daga nesa nake magana ba.

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne. Shekara talatin yana ba da bashi bai taɓa rubutawa ba, komai yana cikin kai: wane buhu uku, wance tiya goma, ranar kaza za a biya. Bara waccan, cikin tsananin zafin watan Afrilu, ya dawo daga sallar asuba, aka miƙa masa kofin shayi, kofin ya suɓuce. Bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita daidai. A gidan aka ce iska ce ta buge shi. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka shafa mai. Sai kwana na biyu da yamma aka kai shi asibiti, inda hoton kai ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Abin da likitoci ke kira AVC ke nan.

Da aka sallamo shi, hannu da ƙafa sun fara motsi kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kai. Ya kan kalli jikansa ya rasa sunan. Surorin da ya haddace tun yana makarantar allo sai ya kai tsakiya ya tsaya. Lissafi kuwa ya tafi gaba ɗaya. A nan ne kwalabe suka fara shigowa gidan, kowane mai dubiya da tasa. Tawa jaka goma sha biyar na biya, ruwa ne baƙi-baƙi mai ɗaci, ba sunan ganye ko ɗaya a jikin takardar, sai lambar waya da jerin cututtuka goma sha biyu.

Bayan wata uku Kawu ya samu sauƙi sosai. Gida ya ɗauka, kowa na cewa kwalbarsa ce ta yi aiki. Wannan gardamar ce ta sa na zauna na bi diddigin abin da masu bincike suka gano.

Itace uwar magani ce, wannan ba gardama

Kada a ɗauka raina sassaƙe da saiwa nake yi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a asibiti asalinsa daga ganyen tazargade ne, kuma a kansa ne 'yar ƙasar Sin Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015. Kinin daga ɓawon itace aka fara samunsa. Har cikin magungunan da ake ba tsofaffi masu cutar mantuwa akwai galantamin, wanda aka fara tatsa daga wata fure. Sai dai kowanne cikinsu ya bi doguwar hanya: an ware sinadarin da ke aiki, an auna yawan da ya kamata a sha, an gwada a kan dubban mutane, an ga amfaninsa da illarsa.

Mu ma nan arewa ba a zaune ake ba. A Jami'ar Ngawundare, Farfesa Elisabeth Ngo Bum ta shafe shekaru tana nazarin tsirran da masu maganin gargajiya ke ba mai farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa. A Jami'ar Marwa, Farfesa Harquin Simplice Foyet da abokan aikinsa sun gwada itatuwan da duk muka sani. A 2016 sun wallafa sakamakon gwajin sassaƙen kaɗanya, daga baya kuma aka yi aiki a kan maje. Abin alfahari ne, a ce kaɗanyar da iyayenmu mata ke yin man kaɗe da ita ta shiga mujallun kimiyya na duniya.

Amma a duba yadda ake irin wannan gwajin. Ɓera ake samu, a yi masa allurar wani sinadari da ke rikita tunani na ɗan lokaci, a ba shi ruwan sassaƙen da aka tace aka auna, sannan a sake shi cikin wani akwati mai lunguna a ga ko zai tuna hanya. Ɓerayen da suka sha sun fi tunawa. Wannan ya nuna akwai abin dubawa a cikin itacen. Bai nuna cewa dattijo ɗan shekara sittin da biyar, mai hawan jini da ciwon suga, wanda wani yanki na ƙwaƙwalwarsa ya mutu saboda yankewar jini, zai warke in ya sha jiƙon kaɗanya ba. Ɓeran nan ma ai ba shanyewar jiki gare shi ba, mantuwar allura ce. Mai lasifika in ya ce "jami'a ta tabbatar", a wannan taƙin yake tsallakewa.

Waɗanda aka gwada a kan mutane

Ganyen da aka fi bincika a duniya kan wannan batu shi ne na ginko, wata bishiya ta ƙasar Sin. Shi ne ke cikin Tanakan, wanda masu zuwa famasi a ƙasashenmu na renon Faransa suka sani. A Amurka an bi tsofaffi 3,069 na kimanin shekara shida, rabi suna shan ginko, rabi suna shan ƙwayar da ba magani a cikinta. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana cutar mantuwa ba. A 2012 gwamnatin Faransa ta daina mayar wa mutane kuɗin sayensa, domin ta ga amfaninsa bai kai ba.

A ɗaya ɓangaren, wani bincike da aka yi a lardin Jiangsu na ƙasar Sin, aka wallafa a 2017, ya ɗauki mutum 348 da jijiyarsu ta toshe. Waɗanda aka haɗa wa ginko da asfirin na wata shida sun ɗan fi waɗanda suka sha asfirin kaɗai a gwajin tunani. Labari ne mai daɗi, sai dai mutanen ba su da yawa, kuma kowa ya san abin da yake sha, wanda hakan kan shafi sakamako. Akwai kuma NeuroAiD, haɗin magungunan gargajiyar Sin da ake tallatawa musamman don masu shanyewar jiki. An gwada shi a kan mutum 1,100 a ƙasashen Asiya, kuma rahoton 2013 ya ce bayan wata uku ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba.

To, in waɗannan da aka kashe wa miliyoyi ke nan, aka san abin da ke cikinsu gwargwadon miligiram, ina ga kwalbar da ba ta da ko suna?

Me ya sa Kawu ya samu sauƙi?

Likitan da ke duba shi ne ya warware mini, cikin 'yan kalmomi. Bayan bugun, kumburin da ke kewaye da wurin da ya lalace yana saɓewa, sassan ƙwaƙwalwa da ke maƙwabtaka kuma suna fara ɗaukar aikin da wancan ya bari. Mafi yawan wannan farfaɗowa cikin wata uku zuwa shida na farko take faruwa, ko an sha jiƙo ko ba a sha ba. Wato daidai lokacin da 'yan dubiya ke kawo kwalabe. Duk kwalbar da ke kan tebur a lokacin, ita za ta kwashi yabo. Wanda bai samu sauƙi ba kuwa, ba a jin labarinsa a lasifika, sai a ce kwana ya ƙare.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce asarar kuɗi ce kawai. Amma wata rana na tambayi matar Kawu ina ƙwayoyin tansiyo, ta ce, "Ai Malam, tun da aka kawo na gargajiyan nan ya ajiye su. Mai maganin ya ce kada a haɗa biyu." Sati uku ke nan. Na ɗauko shi a mashin muka je aka auna, 18 bisa 10. Mutumin da ke murna ya warke, ashe yana bakin bugu na biyu, wanda sau da yawa ya fi na farko muni.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya duba masu shanyewar jiki 2,118. Rahotonsa na 2018 ya ɗora kusan tara cikin goma na matsalar a kan hawan jini. Ya kuma nuna kusan mutum ɗaya cikin uku, jijiyarsa fashewa ta yi, ba toshewa ba. A ido duka iri ɗaya ne, baki ya karkace, hannu ya saki. Hoton sikana ne kaɗai ke rarrabewa. Ginko da tafarnuwa mai yawa suna iya tsinka jini. Ka ba wanda jini ke zuba a kansa, ko wanda likita ya riga ya ɗora kan asfirin, ka ga an yi gyaran gangar auzinawa.

Ga kuma lokaci. Maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin sa. Ko inda babu shi, isa asibiti da wuri na ba da damar saukar da jini a hankali, a duba suga, a hana majiyyaci shaƙewa. Ɗura wa wanda maƙogwaronsa ya saki jiƙo ko rubutu na iya tura ruwan cikin huhu. Ba wanda ya ce a bar addu'a. A yi ta a cikin mota, a kan hanyar asibiti.

Wani abin da binciken SIREN ya gano ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi. Masu cin ganye kullum sun fi tsira daga bugun, masu barbaɗa gishiri a kan abinci kuma sun fi shiga haɗari. Ashe ganyen da ke da hujja a bayansa yana cikin tukunya: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, tafasa, waɗanda dala ashirin za ta saya maka ƙulli. Mu kuma mun cika miyar da gishiri da dunƙule uku-uku, sannan mu fita neman ganye a kwalba da jaka goma sha biyar.

Abin da muka koma yi

Kawu ya koma kan ƙwayoyinsa, kullum, ba fashi, kuma na kwashe kwalaben na kai wa likita ya gani. Muka ci gaba da kai shi wurin masu gashi suna motsa hannu da ƙafa. Ɓangaren kai kuwa, a nan ne aikina na koyarwa ya yi rana. Abin da muka koya a makarantar horon malamai game da ɗan aji ɗaya shi ne dai: kaɗan-kaɗan, kullum, a maimaita, kada a tsawata. Bayan la'asar jikokinsa kan zauna da shi, a ɗauko ƙaramar sura ɗaya, shi ya ja su, in ya tsaya su ɗora shi. Aka ba shi wake da gwangwani yana ƙirga, daga baya aka koma kuɗi, ana saye da sayarwa na wasa. Da farko ya ji kunya, har ya yi fushi, wai an mai da shi yaro. Da abokansa na kasuwa suka fara zuwa hira suna tambayarsa farashin masara na shekarun baya, sai ya saki jiki. Masana sun ce ƙwaƙwalwa da aiki take sake gina hanyoyinta, shi ya sa kulle majiyyaci a ɗaki "don kada a gan shi haka" ke ƙara dakushe shi.

Masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda suka gada, ba su ne matsalar ba, kuma da yawansu in suka ga baki ya karkace da kansu suke cewa a tafi asibiti. A ƙarshen 2024 Kamaru ta yi dokar da ta tsara sana'ar maganin gargajiya, kuma akwai cibiyar IMPM a Yawunde da aikinta ke nan, binciken tsirran magani. Yanzu da Garwa ke da jami'arta tun 2022, ga tsangayar koyon likitanci a cikin gari, ba abin da zai hana wata rana a ɗauki kaɗanya ko maje daga kan ɓera a kai ga gwaji na gaskiya a kan mutane, da izininsu da sa idon likitoci. In ya ci jarrabawa, ni ne farkon mai saye. Kafin nan, duk wanda ya miƙo maka kwalba, tambaye shi sunan itacen da ke ciki, da ko za ka iya nuna wa likitanka. Wanda ya ce sirri ne, ko ya ce a ajiye maganin asibiti, mayar masa da kayarsa.

Kawu bai koma yadda yake da ba. Hannun dama har yanzu da nauyi, kuma wani sa'in yakan kira ni da sunan mahaifina. Amma ya koma rumfarsa, yana zama daga safe zuwa azahar, ɗansa na awo. Bashi kuwa yanzu a littafi ake rubutawa. Ni na saya masa littafin, irin na 'yan makaranta mai shafi ɗari biyu, kuma ranar Juma'ar da ta wuce na tarar yana gardama da wani a kan buhu biyu na dawa, ya ce shi bai yarda da abin da aka rubuta ba, uku ne. Da aka kira yaron da ya yi dako, uku ɗin ne.