Littafin da muka kusa ƙonawa

Kusan duk mai son rubutu a cikinmu yana da littafin da yake ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Da muka shiga jami'a muka buɗe namu na aji uku, kunya ta rufe mu: jarumar sai kuka a kowane shafi, mugun kuwa ba dalilin muguntarsa. Har mun ɗauko ashana, sai dariya ta ƙwace mana. Muka zauna gyara har aka kira magariba. Ƙannenmu, ku adana naku.

Abubakar Imam yana da shekara 22 ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja. Saura mana shekara biyu mu kai nan, ga babi na uku ya ƙi ƙarewa.