Agege: Garin da Shanunmu Suke Ƙare Tafiya

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya taɓa yin lodin shanu daga Maraɗi ko Ƙonni ko Maigatari ya nufi kudu, ya san sunan Agege ko da bai taɓa taka ƙasarta ba. Da yawa daga cikinmu suna tura dukiya can shekara da shekaru alhali iyakar abin da suka sani game da garin shi ne abin da dillali ya gaya musu ta waya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗan yi bayani, don mutum ya san inda yake jefa guminsa.

Agege ƙaramar hukuma ce a Jihar Legas, kuma asalin mutanenta Yarbawa ne, ɓangaren Awori. A ƙidayar 2006 an sami mutum kusan 460,000 a cikinta, alhali faɗin ƙasar bai kai murabba'in kilomita 12 ba. To kun ga, filin da a wajenmu bai fi makiyayar ƙauye biyu ko uku ba, shi ne ya ɗauki wannan taro, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Gida na jikin gida, kasuwa ta hau titi, titi ya hau layin dogo. Wanda ya fahimci wannan cunkoso ya fahimci rabin kasuwancin Agege.

Mutanenmu ba baƙin jiya ba ne a garin. Goro ne ya fara kai su, domin a da Agege ƙasar gonakin goro ce da koko, kuma da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912, sai ya zama goro na hawa arewa, shanu na gangarowa kudu. Haka unguwar Zango ta kafu, har da Sarkin Hausawanta, kuma a yau akwai jikokin da aka haifa a can waɗanda Yarbanci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne Oko-Oba, wato "gonar sarki" da harshensu, inda babbar mayankar Jihar Legas take tare da karar shanu. Dabbar da ta isa nan ta sha tafiyar sama da kilomita 1,000, ta Jebba da Ilori da Ogbomosho da Ibadan, a tsaye cikin tirela. Ta rame, ta gaji, kuma ba dajin da za a sake ta ta murmure. Tun watan Satumba na 2021 Legas ta kafa dokar hana kiwo a fili, saboda haka ciyawa da dusa da ruwa duk saye ake yi. Kowace kwana da sa ya ƙara a kara, daga ribarka yake ci. Mahautan garin, waɗanda ake kira alapata, sun san haka sarai, shi ya sa ba sa gaggawar taya kaya ran da motoci suka yi yawa.

Daga nan ne bashi yake shigowa. Tsohon tsari shi ne baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya haɗa shi da dillali, mahauci ya ɗauki sa ya yanka, sai ya sayar da nama sannan ya biya. Tsarin ya yi aiki tun zamanin kakanni saboda maigida ne ke tsaya wa bashin. Amma mu da muke sayen dabba da sefa mu sayar da naira, akwai ramin da ɗan Kano ba ya faɗawa. A watan Yuni na 2023 Nijeriya ta saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 700, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ita kuwa sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, ba ta motsa ba. A wancan lokaci mun ba da mota guda bashi na 'yan makonni, aka biya mu cif, ba a ci mana ko kwabo ba, amma da muka canja kuɗin a bakin iyaka sai muka tarar ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. Ba wanda ya cuce mu, jinkiri ne ya cinye mu.

Sai batun zaman lafiya. Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, da tsayar da kai kaya kudu da ya biyo baya, sun nuna mana cewa idan wuta ta tashi dukiyar baƙo ce ke fara ƙonewa. A gari mai cunkoso irin Agege, ƙaramar gardama kan tirelar da ta tare hanya ko san da ya kuɓuce ya shiga kasuwa tana iya zama babbar fitina. Ku ja wa yaran mota kunne, su gai da mutane, su girmama dattawan unguwa. Ko "elo ni?" da "maalu" kaɗai yaro ya iya, wato "nawa ne?" da "saniya", zai ga bambanci.

Shawararmu ga 'yan ƙungiya ita ce: kada a yi lodi sai an ji yawan motocin da ke kan hanya, kada a sauka wurin maigidan da ba a san asalinsa ba, kuma duk bashin da za a bayar a yanka masa rana, a rubuta, a sa shaidu, kamar yadda aka karantar da mu a ayar bashi ta Suratul Baƙara. In kuɗi ya shigo hannu, a canja shi da wuri.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da direbobinmu, Ya sa albarka a fataucinmu, amin.