Gwargwadon Bayanin da Ya Dace da Jerin Nasarorin Ɗan Kokawa

Wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin ɗan kokawar Amurka da Hausa, matsalar da za ta fara tare shi ita ce kalmar kokawa kanta. Bahaushe in ya ji an ce wane ya yi kaye ashirin a jere, abin da zai fahimta shi ne ƙarfi da gwaninta, domin a fagen da ya sani ba wanda ya san mai faɗuwa sai an kama. A kokawar da kamfanonin Amurka su ke nunawa a talabijin kuwa, masu shirya wasa su ke yanke wanda zai ci tun ba a shiga fage ba. Wannan ba asiri ba ne. A 1989 kamfanin WWF, wanda a ke kira WWE yanzu, ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa wasansa na nishaɗi ne, ba gasa ta haƙiƙa ba. Sabo da haka jerin nasarori a nan labari ne da aka tsara, kuma abin da zai nuna yawan bayanin da ya dace shi ne aikin da kowane karo ya yi a cikin labarin.

A duba misalin Mark Calaway, wanda aka fi sani da Undertaker. Ya ci karo 21 a jere a babban taron shekara da a ke kira WrestleMania, tun daga 1991 sa'ad da ya kada Jimmy Snuka har 2013. Ran 6 ga Afrilu 2014 Brock Lesnar ya kada shi a New Orleans. Karo 21 ba su fi ƙarfin shafi guda ba, mai rubutu yana iya jera su duka da shekara da sunan abokin karawa. Amma fa jerin kaɗai yana ɓad da mai karatu, don zai ɗauka duk darajarsu ɗaya. Alhali kuwa a shekarun farko ba wanda ya ke ƙirgawa. A 1994 da 2000 bai ma shiga ba. Nasarar 1993 a kan Giant Gonzalez kuwa ba kaye ba ce, alƙalin wasa ne ya fid da Gonzalez sabo da ya toshe masa hanci da tsumma mai maganin sa barci. Sai a 2002, bayan ya kada Ric Flair, ya ɗaga yatsu goma, sa'an nan a 2005 Randy Orton ya fito musamman da niyyar katse jerin. Daga nan ne abin ya zama jigon taron. To, a nan ne ya kamata mai rubutu ya tsaya ya yalwata magana, musamman karawa biyu da Shawn Michaels a 2009 da 2010, domin a ta biyun Michaels ya sa aikinsa a caca, ya faɗi, ya yi murabus. Karon 1991 layi ɗaya ya ishe shi.

Batun Bill Goldberg ya fi wuya, ya kuma fi shafar mai nazarin harshe. Ya fara fitowa a talabijin na kamfanin WCW ran 22 ga Satumba 1997, ya kada Hugh Morrus. Ran 6 ga Yuli 1998 ya karɓe kambun duniya daga hannun Hulk Hogan a Atlanta. Ran 27 ga Disamba 1998 Kevin Nash ya kada shi a Washington, bayan Scott Hall ya ɗana masa sandar lantarki. Kamfanin ya ce kafin wannan rana ya ci karo 173 ba faɗuwa. Waɗanda suka bi sakamakon wasannin ɗaya bayan ɗaya sun tarar adadin bai kai haka ba, masu shela ne su ke daɗa masa daga mako zuwa mako. Watau 173 ɗin kirari ne da aka yi wa rigar lissafi. Ba wanda ya ke tsai da maroƙi ya nemi shaidar abin da ya faɗa, amma da zarar adadi ya shiga littafi, mai karatu yakan ba shi gaskiyar da ba zai ba kirari ba.

Hausa tana da abin da za ta warware wannan da shi cikin sauƙi. In aka rubuta ya ci karo 173, mai rubutu ya ɗauki nauyin maganar a kansa. In aka sa wai a gaba, ya sauke nauyin, sai dai wai takan zo da ƙanshin ƙaryatawa ko ba'a, abin da bai dace da rubutun ilmi ba. Abin da ya fi shi ne a ambaci mai maganar, a ce kamfanin ya ƙirga masa 173, sa'an nan a biyo da jimla ɗaya mai nuna cewa ƙirgar ba ta dace da sakamakon da aka tattara ba. Haka kuma aikatau. Ya kada shi magana ce da ta dace da abin da 'yan kallo suka gani, ba laifi a yi amfani da ita, muddin an riga an gaya wa mai karatu sau ɗaya, tun da fari, wanda ya ke yanke hukunci. Maimaita faɗakarwar a kowane layi gajiyarwa ce, kuma tana tauye wa 'yan wasan haƙƙinsu, tun da faɗuwar da su ke yi da raunin da su ke ji ba na ƙarya ba ne.

Jera karon Goldberg ɗaya ɗaya kuwa ba shi da amfani. Da yawansu ba su wuce 'yan mintoci ba, kuma salon gamawar kusan ɗaya ne. Ranakun nan uku, da adadin tare da sunan mai shi, sun ɗauke labarin. Malamin da ya ba ɗalibai aikin taƙaita tarihin mutanen nan biyu zai ga yawancinsu sun fi ba Goldberg wuri, don adadinsa ya fi girma, alhali na Undertaker ne ya ke da karo biyar ko shida da kowanne ya ke bukatar sakin layi nasa.