Rage Hutun Sabbin Ma'aikata a Biranen Amurka: Wa Ya Ci Bashin, Wa Ke Biya?

Babu dokar tarayya a Amurka da ta wajabta a ba ma'aikaci hutun shekara da albashinsa. Abin da ma'aikacin hukumar birni zai samu ya dogara ne ga dokar jiharsa da ƙa'idar majalisar birnin da yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla. Hutun kan taru ne kaɗan-kaɗan, 'yan awoyi duk ranar biyan albashi, yana kuma ƙaruwa da daɗewar mutum a bakin aiki. Gwamnatin tarayya kan fara da kwana 13 a shekara, bayan shekara uku su koma 20, bayan shekara 15 su kai 26. Tun daga karayar tattalin arziki ta 2008, birane da dama sun sake wannan lissafi ga waɗanda za a ɗauka nan gaba: ko a rage kwanakin, ko a tsawaita shekarun da mutum zai yi kafin a ƙara masa, ko a taƙaita abin da zai iya ajiyewa.

Damuwar hukumomin gaskiya ce. Hutun da ba a ci ba bashi ne a kan birni, kuma ƙa'idojin lissafin kuɗin gwamnati sun tilasta a rubuta shi a matsayin bashi. Mutum zai tara kwanaki tun yana ƙaramin ma'aikaci, amma ranar ritaya a biya shi su bisa albashinsa na ƙarshe, wanda ya fi kowanne tsoka. Da birnin Stockton ya je kotu a 2012 ya ce ya kasa biyan basussukansa, sannan birnin Detroit ya bi sahu a 2013 da bashin kusan dala biliyan 18, kowace majalisar birni ta shiga taitayinta. Sai dai tsofaffin ma'aikata na da yarjejeniyar da ke kare su, kuma su ne ke jefa ƙuri'a a ƙungiya. Wanda ba a riga an ɗauka ba, ba ya wurin da ake ciniki, don haka a kansa ake sasantawa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A nan ne nake ganin an yi kuskuren gano ciwon. Kwanakin da sabon ma'aikaci ke hutawa ba su ne suka haifar da bashin ba. Tara su shekara da shekaru a mayar da su kuɗi ne ya haife shi. Jihar New Jersey ta fi kusa da fahimtar haka. A 2010 ta yi doka cewa wanda aka ɗauka daga watan Mayun shekarar, ba za a biya shi fiye da dala 15,000 na hutun rashin lafiyar da ya tara ba, hutun shekara kuma ba zai wuce shekara ɗaya a ajiye ba. Ta toshe ɓarakar ba tare da ta hana kowa hutu ba. Duk da haka, a 2022 ofishin mai binciken kuɗi na jihar ya duba ƙananan hukumomi 60, ya tarar 57 ba sa bin dokokin yadda ya kamata. Wato rashin aiwatarwa ya fi yawan kwanaki cin kuɗin jama'a.

Za a ce ai sabon ma'aikaci ya ga sharaɗin kafin ya sa hannu, kuma mai biyan haraji ma yana da hakki. Haka ne, amma ribar ba ta zuwa da wuri, domin albashin sabo kaɗan ne, bashin tsofaffi kuma yana nan daram har su yi ritaya. Hasarar kuwa nan take ake ganinta. Direbobi biyu na motar kwashe shara, aiki ɗaya, sanyi ɗaya, amma hutunsu ya bambanta saboda ranar da aka ɗauke su kawai. Irin wannan bambanci ba ya daɗewa bai zama rikici ba. Ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin mota ta amince da tsarin albashi hawa biyu a 2007, sai ga shi a yajin aikin 2023 a Ford da General Motors da Stellantis soke shi na cikin manyan buƙatunta. Birni kuwa, da ma ba ya iya gogayya da kamfanoni wajen albashi. Hutu da fansho ne abin da yake jawo mutane da su. Idan ya horar da ɗan kwana-kwana ko injiniyan ruwa, bayan shekara biyu ma'aikacin ya koma birnin da ke maƙwabtaka, kuɗin horon ya tafi, sauran ma'aikata kuma a biya su kuɗin ƙarin lokaci don cike gurbin. Shi ya sa bayan annobar korona ta 2020, da ɗaukar ma'aikata ya yi wuya, wasu biranen suka juya, suna ba sabo kwanakin hutu tun ranar farko, suna kuma lissafa masa shekarun da ya yi aiki a wani wurin.

Majalisar da ke son rage bashinta ta sa iyaka ga abin da za a tara, ta tabbatar kowa ya ci hutunsa a shekararsa, ta riƙa binciken biyan da ake yi ranar ritaya, ta kuma zauna da tsofaffin ma'aikata a kan nasu kason. Rage wa sabo kwanakin hutu shi ne mataki mafi sauƙi a siyasance, amma shi ne mafi ƙarancin amfani ga baitulmalin birni.